Lakar da ambaliya ta bari a fadamun Challawa da Jakara: a juya ta ko a dakata?

Manomin_Fadama:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ruwa ya janye daga fadamun da ke bin Challawa zuwa Tamburawa, ya bar laka a kan gonaki, wani wurin kaurin yatsa biyu, wani wurin ta kai faɗin tafin hannu. Masu lambu suna murna, don tun kaka da kakanni an san sabuwar laka taki ce, kuma kowa na gaggawar kaftu ya yanka fangali kafin sanyi ya shigo. To amma ruwan nan ta bayan masana'antun Sharaɗa da Challawa ya ratso. Masana ƙasa da ruwa, a juya lakar a shuka salak da alayyafo kamar kullum, ko akwai abin da ya kamata a fara yi?

Masanin_Kasa:
Wa alaikumus salam. Kada a juya ta tukuna, don shi ne aiki ɗaya da in an yi shi ba ya warwaruwa. Muddin tana kwance a sama ana iya aunata, ana iya kankare ta. Da zarar garma ta shiga, ta gauraye da ƙasar gona har abada, ƙarfe kuwa ba ya ruɓewa.

Dalma da kadmiyom da kuromiyom, wato ƙarafa masu guba, kaɗan ne daga cikinsu ke tafiya a narke cikin ruwan kogi. Mannewa suke yi a jikin ƙwayoyin laka mafi laushi, waɗanda ba su kai maikuromita 63 ba (maikuromita kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), da ruɓaɓɓen ganye, da tsatsar da ke lulluɓe ƙwayoyin ƙasa. Wannan laka tana taruwa a gindin magudanai da lungunan kogi shekara da shekaru, sai ambaliya ta tono ta ta baza a fadama. Kuma ba daidai take rabawa ba. Yashi mai nauyi a bakin gaɓa yake zubewa, shi da sauƙi. Mai laushin sai ta yi nisa, ta kwanta a kwari inda ruwa ya daɗe tsaye. Inda kuka ga laka mai santsi ta bushe ta tsattsage, gefenta na naɗewa sama kamar fasasshen kasko, in an murza ta a yatsa ba ta da ƙaiƙayi ko kaɗan, nan ne wurin zargi na farko.

Injiniyan_Ruwa:
Malam ya yi bayani, amma kada a tsorata mutane fiye da kima. Yawancin lakar da babbar ambaliya ke ɗaukowa daga gonakin tudu take, ƙasa ce mai tsabta, kuma sau da yawa tana sirka mai gubar har abin da ya kwanta ya fi wanda ke can da ma sauƙi. Abin da ke rarrabewa shi ne inda gonar take. Wadda ke sama da inda rafin Salanta ke shiga Challawa daban, wadda ke ƙasa da wurin daban, don Salanta ce ke kwaso ruwan Sharaɗa. Jakara kuma ta fi damuna. Ƙaramin rafi ne, rafin Getsi na kawo masa ruwan masana'antun Bompai, da rani kusan duk abin da ke gudana cikinsa ruwan kwata ne, har ya je madatsar Wasai. Babu isasshiyar laka mai tsabta da za ta sirka shi.

Masanin_Kasa:
Na yarda, Injiniya. Sirkawa da tarawa duk suna faruwa, wani lokaci a gona ɗaya. Shi ya sa ido ba ya yanke hukunci, sai awo.

Dan_Majema:
A ɓangaren jima, gishirin da ake amfani da shi kuromiyom ne nau'in da ake kira mai daraja uku, shi ke ba fata launin shuɗi-shuɗin nan kafin a rina ta. Wanda fata ba ta sha ba yana fita da ruwa, ya kwanta a matsayin dagwalo mai ruwan toka da sirkin kore. Wannan nau'in ba ya yawo sosai, kuma shuka tana riƙe yawancinsa a saiwa. Mai daraja shida ne mugun, yana narkewa, yana bin ruwa, yana cin fatar mutum, shaƙarsa na jawo sankara. Hanya biyu na ukun ke komawa na shida: in an ƙona tarkacen fata da dagwalon, ko in ya haɗu da manganis a ƙasar da ke shan iska. Don haka duk wanda ya tara busasshiyar laka da yayi a bakin gona, kada ya cinna mata wuta.

Malama_Agrono:
Gaskiya ne, kuma saboda haka ni kadmiyom ya fi tsaya min a rai a maganar ganye, duk da sunan majema ake fara kira. Kadmiyom yana shiga saiwa ya hau ganye cikin sauƙi, salak da alayyafo su ne kan gaba wajen tara shi, kuma ganyen zai fito kore shar ba alamar komai. Wanki ba ya fitar da shi. Dalma ita kuma yawancinta a ƙurar da ke kan ganye take, wanki mai kyau na rage ta sosai. Tushensu ba masana'anta kaɗai ba ne: masu fasa batirin mota, garejin kanikawa, masu ƙona waya, fenti, da bolar gari da ake kaiwa gona a matsayin taki.

Manomin_Fadama:
To awon ya ake yinsa, kuma ina ake kaiwa? A yi mana dalla-dalla, don in an kai abin da ba daidai ba an yi asarar kuɗi.

Dakin_Gwaji_Zariya:
Da farko a raba filin bisa yadda ruwa ya kwanta: bakin gaɓa, tsakiya, kwari. Kowane kashi samfurinsa daban. A cikin kashi ɗaya a ɗebo daga wuri 15 zuwa 20 ana tafiya a karkace, a zuba a bokitin roba mai tsabta, a gauraya, a ɗauki kamar rabin kilo. Sabuwar lakar a kankaro ta ita kaɗai, sannan tsohuwar ƙasar da ke ƙarƙashinta zuwa zurfin santimita 20 a sa ta a wata leda. Inda ake yawan kuskure ke nan, a soka shebur a haɗa biyun, sakamakon ya fito bai nuna komai ba. A auna kaurin lakar da rula a rubuta. A kuma ɗebo samfuri ɗaya daga tudun da ruwa bai taɓa ba, shi ne abin kwatanci.

Cokalin roba ko na silba marar tsatsa za a yi amfani da shi. Bokitin kwano da fartanya mai fenti suna ƙara tutiya da dalma a samfurin. A shanya a inuwa a kan leda, nesa da titi, kada a kan jarida ko kwanon rufi. In ya bushe a murƙushe da taɓaryar itace, a tankaɗe da rariyar roba mai ido milimita 2. In ana son auna zaiba, kada zafi ya wuce digiri 40, don tana tashi.

A Zariya akwai cibiyar binciken noma ta IAR a Samaru, da cibiyar binciken fasahar sinadarai ta NARICT a Basawa, da cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello. A Kano akwai ɗakunan gwaji na Jami'ar Bayero. A nemi jimillar ƙarfe bayan an narkar da samfurin da haɗin asid, kashi uku na haidurokulorik, ɗaya na naitirik, tare da pH, wato ma'aunin tsamin ƙasa, da yawan ruɓaɓɓen abu. A ce a rubuta sakamako da miligiram a kilo na busasshiyar ƙasa. Wani lokaci lambar da na'ura ta karanta a ruwan narkin ake kwafowa, miligiram a lita, ba a mayar da ita lissafin ƙasa ba, sai ta fito 'yar ƙarama mutum ya yi zaton lafiya lau. Dabara ɗaya mai arha: a raba samfuri guda gida biyu, a ba su lamba daban-daban. In sakamakon ya yi hannun riga, aikin ne bai yi ba.

Dalibin_Kimiyya:
Na'urar XRF ta hannu fa, wadda ake haskawa a kan ƙasa ta nuna ƙarfen da ke ciki? Ai nan take take ba da amsa.

Dakin_Gwaji_Zariya:
Tana da kyau ga dalma da tutiya, musamman don gano inda ya fi muni a fili. Amma jiƙaƙƙiyar laka na rage karatunta, in danshi ya wuce kashi 20 cikin 100 kada a dogara da ita. Ba ta ganin kadmiyom a ƙananan matakan da ke damun mai lambu, kuma in dalma ta yi yawa tana rufe siginar asenik, wani sinadari mai guba shi ma.

Masanin_Kasa:
Game da abin da za a gwada sakamakon da shi. Dokar Tarayyar Turai ta 1986 kan ƙasar noma mai pH 6 zuwa 7 ta sa kadmiyom miligiram 1 zuwa 3 a kilo, dalma 50 zuwa 300, tutiya 150 zuwa 300. Na lakar gindin ruwa, ma'aunin Kanada ya nuna ana yawan ganin illa ga halittun ruwa in dalma ta wuce 91, kuromiyom 90, kadmiyom 3.5. Amma abin da mutum zai ci shi ne alƙali. Ma'aunin Codex, wato ƙa'idar abinci ta duniya, na ganye: kadmiyom 0.2, dalma 0.3 a kilo na ɗanyen ganye.

Malama_Agrono:
A ja layi a ƙarƙashin kalmar ɗanye. Ɗakin gwaji busasshen ganye yake aunawa, salak kuwa kusan kashi 95 cikin 100 ruwa ne. Kenan 0.2 na ɗanye ya yi daidai da wajen 4 na busasshe. Ana yawan ɗaukar lambar busasshe a ɗora kan ma'aunin ɗanye, a yi shelar ya ninka ƙa'ida sau goma, a karya kasuwar bayin Allah ba gaira ba dalili.

Likitan_Yara:
Duk kuna kan abin da za a ci, ni kuma ƙura ce damuwata. Lakar nan za ta bushe, hunturu ya zo ya kwashe ta, yara kuma a cikinta suke wasa suna kai hannu baki. Jikin yaro yana tsotse dalma ninki huɗu zuwa biyar na babba, ya fi haka in yana da ƙarancin jini ko bai ci abinci ba. Zamfara ta isa darasi. A 2010 aka gano abin da ke kashe yara a Dareta da Yargalma da Abare da sauran ƙauyukan Anka da Bukkuyum, daga niƙan dutsen zinariya mai dalma a cikin gidaje. Yara sama da 400 suka rasu. A wasu wuraren dalmar ƙasa ta wuce miligiram 100,000 a kilo, alhali ma'aunin Amurka na wurin wasan yara a lokacin 400 ne. Ruwan sama ya riƙa wanke garin dutsen zuwa kududdufai, daga nan kuma ake ɗebo ƙasar tubali. Aka sake gani a Shikira ta Jihar Neja a 2015.

Ban ce fadamar Kano ta kai ko kusa da wannan ba. Hanyar shigar ce iri ɗaya. Gidan da laka ta shiga, a yayyafa ruwa kafin a kwashe, kada a yi sharar bushe. Kada a yi tubali ko yaɓe ko daɓe da lakar kwarin da ake zargi. A wanke hannun yara da sabulu kafin cin abinci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce in jinin yaro ya kai maikurogiram 5 a desilita a nemo tushen a raba shi da shi. Maganin fitar da dalma sai wajen 45 ake tunaninsa, kuma ba ya amfani in yaron zai koma cikin ƙurar.

Bakin_Gulbi:
Allah ya jiƙan yaran nan. A Zamfara ai kankare ƙasar aka yi, ko?

Likitan_Yara:
Amin. Haka ne, aka kankare saman ƙasar gidaje da hanyoyi kamar santimita 5, aka binne a ramukan da aka tanada, aka zuba mai tsabta. Na Bagega sai 2013 aka yi.

Injiniyan_Ruwa:
Tsakar gida ke nan. A yi lissafin gona a gani. Santimita 5 a hekta ɗaya kubik mita 500 ne, wajen tan 650, sawun tifa 50 in tana cin kubik 10. Wane mai lambu ne zai iya, kuma ina za a zuba? In an jibge a bakin kogi, damina mai zuwa ta mayar. A Sipaniya an yi irin wannan a 1998, da madatsar dagwalon ma'adinai ta Aznalcóllar ta fashe ta rufe sama da hekta 4,000 a kogin Guadiamar. Gwamnati da kamfanin haƙar ne suka kwashe da manyan injuna suna tseren kada ruwan kaka ya riske su, daga baya gwamnati ta saye filayen ta hana noma a wurin. A nan kuwa, in gurɓatar matsakaiciya ce, juyawa mai zurfi na rage ta. Misali laka mai dalma 300 kaurin santimita 5, a kan ƙasa mai 20, in an gauraya zuwa zurfin 20 sai ta koma 90.

Masanin_Kasa:
Lissafin daidai ne, amma na bana kaɗai. Nauyin dalmar da ke gonar bai ragu da giram ɗaya ba, baɗi ambaliya ta ƙara, wata shekara a wayi gari ba sauran ƙasa mai tsabta da za a sirka da ita. Kuma ba a ce a kankare hekta ba. Kwarin da mai laushin ta taru sau da yawa ɗan yanki ne. Shi za a kankare tun tana ɓawo-ɓawo, lokacin da take ɗagowa da shebur ba ta tashi ƙura. A kai tudun da ruwa ba ya kaiwa, nesa da rijiya, a rufe da ƙasa mai tsabta kamu biyu, a dasa jema a kewaye ta riƙe.

Injiniyan_Ruwa:
Kwari kam na yarda. Sauran filin, in awo ya nuna ƙasa da ƙa'ida, ban ga dalilin hana mutum garma ba.

Dalibin_Kimiyya:
Me zai hana a shuka tsirran da ke zuƙe ƙarfe su tsabtace wurin?

Malama_Agrono:
Shekaru da dama yake ɗauka ga kadmiyom, ga dalma da kuromiyom kuwa kusan ba ya motsi, sannan a rasa inda za a kai ganyen. Abin da ke hannun manomi shi ne hana ƙarfen shiga shuka. In pH ya gaza 6, a sa garin farar ƙasa na noma, tan 1 zuwa 2 a hekta a ƙasa mai yashi, mai yumɓu ta fi haka ci, a kai shi 6.5 zuwa 7, makonni kafin dashe. Tokar itace ma na yi, ban da tokar bola. A ƙara takin shanu da ya ruɓe. In pH ya riga ya kai 7 kada a ƙara, sai a jawo ƙarancin tutiya, shuka kuma in ta rasa tutiya tana ƙara jan kadmiyom.

Dan_Majema:
Hajiya, a ƙara da cewa ruwan jima gishiri ne da shi sosai, don da gishiri ake adana ɗanyen fata. Gishiri kuwa yana sakin kadmiyom ya shiga shuka ko da pH ya yi daidai. Kuma farar ƙasar da ke ɗaure dalma da kadmiyom, sakin asenik da kuromiyom mai daraja shida take yi. Sai an ga takardar gwaji kafin a saya.

Mai_Shinkafa_Wudil:
Mu na ƙasa masu shinkafa fa? Duk abin da ya wuce Tamburawa wajenmu yake zuwa.

Masanin_Kasa:
Shinkafa tana da nata sha'ani. Muddin ruwa na kwance, laka ba iska, kadmiyom yana ɗaure da kibiritu, shi ne baƙar lakar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. In an janye ruwa ta sha iska, sai tsami ya ƙaru ya sake shi. Asenik akasin haka yake, a cikin kwanciyar ruwa yake narkewa. To in kadmiyom ne matsalar, a bar ruwa a fangali daga kafin fitar kai zuwa cikar ƙwaya. In asenik ne, a riƙa ba ƙasa iska tsakani. Codex ya sa 0.4 na kadmiyom, 0.2 na asenik a gyararriyar shinkafa. Cutar itai-itai ta Japan daga nan ta samo asali: ruwan kogin Jinzu da ya ɗauko kadmiyom daga mahaƙar Kamioka aka riƙa ba shinkafa a Toyama, ƙoda ta lalace, ƙashi ya yi laushi, yawanci mata. A 1968 gwamnati ta amince da dalilin, gyaran gonakin kuwa sai 2012 aka kammala.

Likitan_Dabbobi:
Kada a manta da dabbobi. Ciyawar fadama bayan ambaliya a lulluɓe take da laka, saniya na kiwo tana haɗiyar ƙasa. A jira sabon tofo ya yi tsawo, ko a yanko daga sama a kai musu. Alamar dalma a shanu: makanta, cizon haƙora, dalala, dafa kai a bango, maruƙa ke fara faɗuwa. Hanta da ƙoda ne ke tarawa, dabbar da ta daɗe tana kiwo a irin wurin nan kada a ba yara kayan cikinta.

Sarkin_Ruwa_Karami:
Kifi ma haka. Inda ake wankin zinariya da zaiba a saman kogi, lakar da ruwa ya rufe ce ke mayar da zaibar nau'in da ke shiga tsoka, kuma manyan masu cin 'yan'uwansu irin giwan ruwa da tsage sun fi tarawa. Gashi ko ƙyafewa ba ya fitar da ita. A Challawa da Wasai kuwa maganar kifin gindin ruwa ce irin tarwaɗa, a cire kayan ciki da abin numfashinsa a zubar.

Injiniyan_Ruwa:
Rijiyar da ambaliya ta shiga, a yashe ta a zuƙe har ruwan ya washe. Kulorin ƙwayoyin cuta yake kashewa, tafasawa ma haka, ba ruwansu da ƙarfe. Alif yana taimakawa don yana kwantar da lakar da ke ɗauke da shi. Ma'aunin ruwan sha: dalma 0.01, kadmiyom 0.003, kuromiyom 0.05 miligiram a lita. Masu ban-ruwa kuma su ɗaure bakin tiyo da jarka ya yi iyo, kada ya kwanta a gindi yana tsotso laka. In da hali a haƙa ɗan rami ruwan ya kwana kafin ya shiga fangali.

Manomin_Fadama:
Allah ya saka da alheri. Sai dai irin salak ya riga ya kai dashe, sakamako kuma zai ɗauki makonni. Wanda ba zai iya jira ba, me zai yi bana?

Malama_Agrono:
Ya ɗebi samfurin yau kafin fartanya ta taɓa wurin, busasshe ba ya lalacewa ko ya yi watanni. Salak da alayyafo da lansir a kai su ɓangaren yashi ko tudu. A kwari a sa tumatir, tattasai, kuɓewa ko masara, waɗanda abin da ake ci ya yi nesa da saiwa. A kafa wa tumatir sanda, a shimfiɗa ciyawa a ƙasa don kada ruwa ya fantsamo laka. Karas a fere shi. Ganye a cire na waje, a wanke sau uku da ruwa mai tsabta, ba ruwan kwatar da 'yan gwari ke tsomawa a bakin rafi ba.

Masanin_Kasa:
Masarar ma ƙwayar ce mai sauƙi, karan da ganyen da za a ba dabba sun fi tarawa.

Injiniyan_Ruwa:
Duk wannan rage zafi ne muddin magudanan na kawowa. Maganar tace ruwan masana'antu ta NESREA ce, wato hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli, da ma'aikatar muhalli ta jiha, kuma ƙungiyar manoma da ta je da takardar gwaji ta fi wadda ta je da baki kawai.

Dakin_Gwaji_Zariya:
In za a je da ita, kowace leda ta ɗauki kwanan wata, da kaurin lakar, da lambar wurin daga GPS ɗin waya. Manoma goma da ke jere a gaɓa ɗaya su haɗa kuɗi su yi samfuri shida ko takwas daga sama zuwa ƙasa, ya fi kowa ya kai nasa guda ɗaya. Malam Manomin_Fadama, gonakin da kake magana suna sama da mashigar Salanta ne ko ƙasa? Daga nan za a san inda za a fara ɗiba.